Giwan Ruwa a Goshin Damina

Hausawa sun ce kifi a ruwa sarki ne, amma wanda ya taɓa zama da Sarkawan Yauri ya san ba kowane kifi ne ke da wannan sarauta ba. Karfasa da tarwaɗa da ƙurungu duk talakawa ne, tsage kuwa ko da yake haƙoransa a waje suke, ɗan fashi ne kawai. Mai sarautar shi ne giwan ruwa. Kuma a ganina babu lokacin da halinsa ke fitowa fili kamar goshin damina, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da Tafkin Kainji ke ta janyewa, duwatsu da kututturen itatuwan da ruwa ya cinye tun da aka gama madatsar a 1968 suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya.

Mutanen tudu sukan ɗauka cewa idan zafi ya tsananta giwan ruwa nutsewa yake yi can ƙarƙashin tafki ya nemi sanyi. Ba haka abin yake ba. A watannin bazara ruwan sama-sama yakan yi ɗumi ya zauna bisa na ƙasa ba tare da sun gauraya ba, har na ƙasan ya rasa iskar shaƙa. Tarwaɗa da gaiwa ba ruwansu, suna iya leƙowa su haɗiyi iska. Shi kuwa bai da wannan baiwa, kuma yana cikin kifayen da suka fi saurin galabaita in ruwa ya shaƙe. Don haka sai ya tsaya tsaka-tsaki, a gindin dutse, a bakin tsohuwar hanyar Kwara, ko cikin rassan bishiyar da ta nutse, yana kwanton ɓauna. Da an yi ruwan farko shinge ya tashi ya zuba a kan tafki, kawara da warangi su taso cin daɗi, shi ma sai ya biyo su. Asuba da magariba su ne lokutan farautarsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a jikinsa shi ne, duk girman nan, ba shi da haƙoran kirki. Ka shafa cikin bakinsa, kaushi kawai za ka ji. Ba ya cizo kamar tsage. Buɗe baki yake yi farat ɗaya, ruwa ya kwarara ciki da ƙarfi, ya tafi da duk abin da ke gabansa. In dare ya yi tsit kana cikin kwale-kwale kakan ji ƙarar, gum, sau ɗaya, sai 'yan ƙananan kifaye su yi tsalle su watse. Ba ya zaɓe, har 'ya'yan jinsinsa yana haɗiyewa. Ba banza ba ne in ana zancen azzalumi ake kawo misalin babban kifi da ƙanana. To, kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma ta nan masunta ke shigo masa.

Na ga yadda wani dattijo Basarke ke yin nasa da wata magariba. Ya zaɓi 'yar karfasa mai rai, wadda ba ta kai tafin hannu ba, ya soka mata ƙugiya a baya, ƙasa kaɗan da ƙayar gadon baya, ya kiyaye ƙashin tsakiya don kada ta sandare. Ya sake ta cikin ruwa ya duba ko tana iyo daidai, sannan ya ɗaure ɗaya bakin igiyar a wuyan gora, ya jefa. Da gorar ta fara rawa, ta nutse, ta ɓullo can gaba, sai na zabura. Shi ko motsi bai yi ba.

Na ce, "Baba, ba za mu ja ba?"

Ya ce, "Ɗana, ba a kokawa da shi. Bar gora ta gajiyar da shi."

Muka bi gorar a hankali har duhu ya yi. Da kifin ya taso ya kwanta a gefensa, hasken tocila ya faɗa kan idonsa, idon ya yi walƙiya kamar na kyanwa, domin akwai wani shimfiɗi a bayan idon mai mayar da haske, wanda ke ba shi damar gani a ruwa mai duhu. Dattijon ya ƙi sa hannu kusa da marfin kunnensa. Akwai ƙaya mai tsini da gefe mai zarto a wurin, su ne ke tsinke igiya in kifin ya yi tsalle yana girgiza kai, su ne kuma suka bar tabo a hannun masunta da yawa. Ta leɓen ƙasa ya kama shi.

Yanzu ga maganar da ta fi daɗe tana yi mini yawo a zuciya: shin da gaske ne ana kiran giwan ruwa? A ƙasar Kabi wannan ba abin gardama ba ne ga mutane da dama. Za a gaya maka cewa kafin bikin su na Argungu, Sarkin Ruwa da Makwashe sukan yi abin da suka gada, a gayyato manyan kifaye daga wasu koguna zuwa Matan Fada, inda ake bikin, a kuma umarci kadoji su koma ramukansu har a gama. Mutane dubbai su faɗa ruwa da homa da gora, a fito lafiya, a kuma fito da kifin da sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi. Wanda ya ci gasar 2020 kilo 78 ne. Mai ba ka labarin zai ce, in ba kira ba, daga ina irin wannan zai fito a ɗan kogin da ake iya hango ƙetarensa?

Ni ɗan tudu ne, kuma an ce in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Saboda haka ba na gaggawar ƙaryata mutumin da kakanninsa suka rayu a kan ruwa. Akwai ma ɓangaren maganar da ke da gaskiya ƙarara. Kifi yana ji, yana kuma da wani layi a gefen jikinsa da ke sanar da shi girgizar ruwa tun daga nesa. Masunta sun daɗe da sanin yadda ake dukan ruwa ko cikin jirgi a kora kifi inda ake so, ko a ja hankalin mafarauci irin giwan ruwa da motsin da ya yi kama da na kifi mai rauni. Wannan ilimi ne, kuma ba kowa ake koya wa ba.

Amma kira daga wani kogi, a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da ruwa ya ja baya har wasu wurare sun yanke sun zama gurabu, nan kam zuciyata ta ƙi kwanciya. Abin da na fi yarda da shi yana nan a fili, kowa a Argungu ya san shi: Matan Fada wuri ne da aka hana su a cikinsa tsawon shekara. Gurbi ne mai zurfi, in rani ya yi kifayen da suka watsu cikin fadama da damina nan suke tattaruwa, kuma ba mai taɓa su. Giwan ruwa yakan kai kusan shekara 3 kafin ya fara haihuwa, yana kuma iya rayuwa fiye da shekara 10 yana ƙara girma. Kifin kilo 78 ya tsallake koma da taru da mamari na shekaru masu yawa kafin ya kai haka, kuma ya samu inda zai fake ne ya tsallake su.

Ga wata hujjar. Giwan ruwa mafi nauyi da aka rubuta an kama da sandar fatsa, kilo 104 da ɗoriya, a Tafkin Nasar na Masar aka same shi a shekarar 2000, a hannun baƙon da bai gaji asirin ruwa ba. Abin da tafkin yake da shi shi ne faɗi, da duwatsu, da gaɓar hamada mai ƙarancin mutane. Inda duk aka ƙyale kifin nan, girma yake yi.

Duk da haka ba na cikin masu yi wa al'adar dariya, ba na kuma ganin hujjar da na kawo ta rage wa Sarkin Ruwa komai. Wa ya tsare Matan Fada shekara da shekaru, ba ɗan sanda, ba shinge? Kwarjininsa ne. Saurayin da zai iya satar jiki da dare ya jefa birgi, tsoron abin da zai same shi ne ya hana shi. Malamai suna da ta cewa a kan abin da ya saɓa wa addini cikin tsofaffin al'adun ruwa, kuma maganarsu abar saurare ce. Sai dai in za a yar da tsafin, kada a haɗa da dokar hanin, domin ita ce ta ciyar da bikin tun daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Girmama kifin nan ma ba mu muka fara ba. A garin Esna na Masar an tono gawarwakinsa masu yawa waɗanda mutanen zamanin da suka shafe da magani suka naɗe suka binne.

An ce giwa a garin wani zomo ce, amma karin maganar bai kama shi ba. A shekarun 1950 aka zuba shi a Tafkin Biktoriya, inda ba a san shi ba, zuwa shekarun 1980 ya mamaye ko'ina, kuma ana danganta ɓacewar kusan nau'i 200 na ƙananan kifayen tafkin da shi. Mai ya yi masa yawa, ba ya shanyuwa a rana sai banda, aka yi ta saran itace. Yau jakar iskar da ke cikinsa ma kasuwa ce mai tsada zuwa ƙasar Sin. A Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi bai yi wannan ɓarna ba, domin kifayenmu tare suka taso da shi, sun san maɓuya.

Matsalarmu a nan akasin tasu ce. Shiga kasuwar kifi a goshin damina ka duba cikin daro. Za ka ga 'ya'yan giwan ruwa masu tsawon yatsa zuwa tafin hannu, zane-zanen ƙuruciya na jikinsu ba su ko goge ba, an kwaso su daga cikin ciyawar gaɓa da taru mai ido kamar na gidan sauro. Kifi na ganin ka mai jar koma, amma wannan komar ba ta barin ko wanda bai isa gani ba. Ga shi uwar ba ta renon 'ya'ya. Karfasa takan ɓoye ƙwanta a baki, ita kuwa miliyoyin ƙwai take saki su yi ta yawo a ruwa, mafi yawa a cinye su, 'yan kaɗan su kai gaɓa. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin ne muke soyawa. Manyan da ake alfahari da su kuma galibi mata ne, domin mace ta fi namiji girma nesa ba kusa ba, kuma gwargwadon girmanta gwargwadon ƙwanta.

A Amurka akwai kifin tafki da suke ji da shi, bas, wanda mafi girmansa da aka rubuta tun 1932 bai wuce kilo 10 da 'yan kai ba. A manyan gasanninsu da rai ake auna shi a mayar da shi ruwa, wanda ya kawo matacce a rage masa maki. Su don nishaɗi suke yi, masuncinmu kuwa abincin iyalinsa yake nema, don haka ba zan ce ya saki babban kamu ba. Amma mai tsawon ɗan yatsa ba ya cika cikin kowa.

Dokar hana taru mai ƙananan ido tana nan a jihohin Neja da Kebbi tun shekarun 1990, cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Bussa ma tana bakin tafkin. Abin da ya rage shi ne mai tsarewa. Ina roƙon Sarakunan Ruwa na garuruwan bakin Kainji, kowanne ya keɓe gurbi ɗaya da gaɓa ɗaya mai ciyawa, ya hana su a wurin daga faɗuwar ruwan farko har kaka, kamar yadda Kabawa suka yi wa Matan Fada. Kai kuma mai karatu, in ka ga ɗan giwan ruwa mai zane a daro, kada ka saya, ka kuma gaya wa mai sayarwa dalili.