Shin Ko Kun San? Kwana Nawa Saƙo Ke Yi Kafin Ya Iso Jega?

Shin ko kun san akwai mutane fiye da miliyan 200 a duniya da ke biyan kuɗi duk wata ko duk shekara don kawai a riƙa kawo musu kaya da wuri? Ba kuɗin kayan ba fa. Kuɗin saurin kawowa! Kamfanin Amazon na Amurka ne ya bayyana wannan adadi a 2021, na waɗanda suka yi rajista a tsarinsa mai suna Prime. Miliyan 200, jama'a. Kusan yawan 'yan Najeriya kaf a wancan lokaci.

A watan Fabrairun 2005 aka faro abin. Ka biya dala 79 a shekara, duk abin da ka saya ta intanet a kawo maka ƙofar gida cikin kwana 2, ba sai ka ƙara ko sisi ba. A 2014 kuɗin ya koma dala 99. A 2018 ya zama 119. A 2022 ya kai 139. Amma mutane ba su fasa biya ba!

Ku saurari wannan. Kamfanin ya ce a shekarar 2024 kaɗai ya isar da kaya sama da biliyan 9 a ranar da aka saye su ko washegari. Biliyan 9! Sun fi yawan mutanen duniya baki ɗaya.

Ta yaya? Ba gudun mota ba ne. Kusanci ne. Kayan na jibge a rumbunan ajiya kusa da mai saye tun kafin ya taɓa wayarsa. A cikin rumbunan nan mutum-mutumi ne ke ɗauko kantoci sukutum su kawo gaban ma'aikaci. A 2012 Amazon ya sayi kamfanin Kiva mai ƙera su a kan dala miliyan 775, kuma a 2025 ya ce yawansu ya cika miliyan 1.

Ga wadda ta fi ban mamaki. A ƙarshen 2013 kamfanin ya yi rajistar mallakar wata dabara ta tura kaya kusa da unguwarka tun kafin ka saya! Kwamfuta ce za ta duba abin da ka saba saye, ta yi hasashe, a sa kayan a hanya. Kamar dai mai shagon da ke cika kanti da sukari da madara tun cikin Sha'aban, don ya san azumi na tafe.

To amma alkawarin yana cika kullum? Ina!

Lokacin Kirsimetin 2013 kaya suka yi wa kamfanin jigila na UPS yawa. Kyaututtukan mutane da dama ba su isa ba sai bayan biki. Amazon ya mayar da kuɗin jigila, ya kuma ba waɗanda abin ya shafa katin sayayya na dala 20 don ba da haƙuri. A Ingila kuwa, a 2018, hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace ta yanke hukunci cewa tallan "kawowa cikin kwana 1" yana yaudarar jama'a, bayan mutane fiye da 200 sun kai ƙorafi. Ashe kaya da yawa ba sa cikin alkawarin. Ashe kuma sau da yawa ba daga lokacin da ka biya ake fara ƙirga kwanakin ba, sai daga lokacin da kayan suka bar rumbu. Ku riƙe wannan da kyau.

Akwai wadda ta fi taɓa mini zuciya. A watan Disambar 2024 babban lauyan gwamnatin birnin Washington ya maka Amazon a kotu. Zargin? Cewa tun tsakiyar 2022 kamfanin ya daina tura motocinsa wasu unguwanni biyu na gabashin birnin, inda mafi yawan mazauna baƙaƙen fata ne masu ƙaramin ƙarfi, bai kuma gaya musu ba. Mutum kusan 48,000 na biyan cikakken kuɗin Prime a can. A cewar ƙarar, a 2021 sama da kashi 70 cikin 100 na kayansu na isa cikin kwana 2. A 2023? Kashi 25 kacal! Kamfanin ya ce tsaron lafiyar direbobinsa ne dalili. Ran direba abin kiyayewa ne, babu ja. Amma wanda ya karɓi kuɗin sauri ya san ba zai iya sauri ba, hakki ne a kansa ya faɗa. Kuma ku lura: a babban birnin Amurka wannan ya faru, ba a wani ƙauye ba.

Yanzu mu dawo gida.

Kun san an taɓa gwada irin wannan tsari a Najeriya? Jumia, wanda aka kafa a Legas a 2012, ya fito da Jumia Prime a 2019. Ka biya kuɗin wata, a riƙa kawo maka kaya ba kuɗin jigila. Tsari ne na manyan birane, daga Legas aka faro shi. Bai daɗe ba. A ƙarshen 2022 sabon shugabancin kamfanin ya soke shi don rage asara. Shekara 3 kawai ya yi! Shi kuwa Amazon, a 2024 ya buɗe kantinsa na intanet a Afirka ta Kudu, bayan na Masar da ya buɗe a 2021.

Abin da ya maye gurbin Jumia Prime ya fi dacewa da mu: wurin karɓar kaya. Maimakon a bi ka gida, sai a ajiye saƙon a wani shago a gari, a turo maka tes, ka je ka karɓa. Ya fi araha, ya kuma rage yawo.

Ku yi tunanin tafiyar da ɗan kwalin waya ke yi daga Legas zuwa hannun ɗalibi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006. Badun. Ilori. Jebba, inda ake ƙetare Kwara. Mokwa. Kwantagora. Yawuri. Koko. Maiyama. Jega. Fiye da kilomita 800 a kan babbar hanya guda! Gada ɗaya ta karye, lissafi ya rushe. Haka aka yi a watan Yunin 2017 da ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa, manyan motoci suka yi cirko-cirko. Haka kuma a ƙarshen Mayun 2025, da ambaliyar Mokwa ta hallaka mutane fiye da 150, Allah Ya jiƙansu, ta kuma lalata hanya. Mu nan Kebbi ma ba mu manta da ruwan 2020 ba, wanda ya shanye gonakin shinkafa ya yanke hanyoyi.

Ga wani lissafi da ke ruɗa mutane da yawa. In aka rubuta maka "kwanakin aiki 5", babu Asabar, babu Lahadi, babu ranar hutu a ciki. Ka saya daren Alhamis, sai wata Alhamis ɗin. Mako guda cur! In hutun Sallah na kwana 2 ya faɗo a tsakiya, sai Litinin ta gaba. Kwana 5 sun zama 11, kuma a takarda ba a saɓa alkawari ba. Mai sayen takalmin Sallah, ka ji!

Man fetur fa? Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta koma wajen 500. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Direba ba zai tashi da mota rabi ba. Sai ta cika. Saƙonka na jiran na wasu.

Sai babbar magana: adireshi. "Bayan masallacin Juma'a, ka wuce mai shayi, gida mai jar ƙofa." Mu mun gane sarai. Kwamfutar Legas ba ta gane ba! A 2017 hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Ingila mai suna what3words. Kun san abin da masu kamfanin suka yi? Sun yayyanka doron duniya gaba ɗaya gida-gida, kowane gida mita 3 tsawo mita 3 faɗi, suka ba kowanne suna na kalmomi uku. Gidaje tiriliyan 57! Zauren gidanka a Andarai yana da nasa, garkarka ta albasa tana da nata. A lokacin an bayyana cewa kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai na 'yan Najeriya ake iya kai wa wasiƙa har gida. Amma har gobe abin da ya fi aiki a nan shi ne lambar waya. "Malam, ga ni a tasha, fito ka karɓa."

Tasha! Nan ne ainihin kamfanin jigilarmu. Ka sayi atamfa a hannun wata mai talla a WhatsApp daga Kantin Kwari. Ka tura kuɗi ta waya ko wurin mai POS. A rubuta sunanka da lambarka a jikin leda, a miƙa wa ɗan kamasho, a turo maka lambar direba. Motar da ta bar Kano da safe, in hanya lafiya, kafin a kwanta ta iso. Ba rajista, ba kuɗin wata. Kwana 1! Irin saurin da masu Prime ke biyan dala 139 a kansa. Inda tasha ta gaza shi ne shaida: in kaya suka ɓata ko suka fashe, babu takardar da za ka riƙe, sai amana da shugabannin ƙungiyar direbobi.

Batun amana kuwa ta kowane ɓangare ne. Yawancinmu mun fi son "sai na gani na biya", shi ya sa tsarin biya bayan an kawo ya karɓu. Amma a watan Maris na 2017 an kashe wani ma'aikacin kai kaya a Fatakwal da ya je miƙa wayoyin da aka yi oda, har wasu kamfanoni suka dakatar da tsarin. Duk wanda ya yi oda ya ƙi ɗaga waya, ya sani kayan nan sai sun sake bin kilomita 800 sun koma, kuma wani ne zai biya.

In kuna neman waɗanda suka san darajar lokaci, ku je Aliero. Albasa ba ta jira! Ana ajiye ta a rudu ta yi watanni tana shan iska, amma da zarar ta shiga buhu ta hau tirela, agogo ya fara. Legas, kasuwar Mile 12. Anacha. Fatakwal. Mota ta lalace a hanya kwana biyu cikin zafi, ƙasan lodi ya fara ruwa, riba ta tafi. A 2021, sau biyu 'yan kasuwa suka dakatar da kai kaya Kudu, na farko bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, na biyu kuma ƙungiyar masu albasa ce da kanta saboda hare-haren da ake kai wa motocinsu. Cikin 'yan kwanaki farashi ya yi sama a Kudu, a nan kuma kaya suka yi kwantai. Mu ma masu aikawa ne, ba masu jira kaɗai ba.

Kuma ba yau aka fara ba. Shin ko kun san a ƙarni na 19 kasuwar Jega na cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya? Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa garin wajen 1820, a bakin gulbin Zamfara, nan da nan ya zama zangon fataken goro masu zuwa Gwanja. Ayari ɗaya kan kai mutum 1,000, wani lokaci 2,000, da jakuna ba iyaka. Madugu ne shugaba. Jagaba na gaba yana duba hanya. A yi fito a Kwara, a ratsa ƙasar Bargu ko ta Gurma, har Salaga a ƙasar Ghana ta yau. Zuwa da dawowa? Wata 6, wani lokaci shekara guda! Kuma goro ɗanye ake so. Sai an naɗe shi da ganye a cikin huhu, a riƙa kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran. Watanni a bayan jaki, ya iso kasuwa yana ƙaras-ƙaras a baki. Ikon Allah!

Kada ku ɗauka zamanin dabba ya wuce. A Amurka, a jihar Arizona, akwai ƙauyen Supai a can ƙasan babban kwazazzabon Grand Canyon. Mota ba ta zuwa. Har yau alfadarai ne ke sauka da wasiƙu da abinci da kwalayen sayayyar intanet, tafiyar kusan kilomita 13. Alfadari, a ƙasar Prime!

Ta sama fa? A Disambar 2013 Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, ya fito a talabijin ya nuna jirgi marar matuƙi da zai kai kaya cikin minti 30. Sai 7 ga Disambar 2016 aka yi isarwar farko ga mai saye, kusa da Kambirij a Ingila. Minti 13 daga oda zuwa ƙofa! Amma har yanzu a 'yan garuruwa ƙalilan ake yi. Afirka ce ta riga cin moriyar abin sosai: kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitocin Ruwanda a 2016, Ghana a 2019, sannan a 2022 ya fara tashi daga Pambeguwa a jihar Kaduna, yana sakin magani da allurar rigakafi da 'yar lema a harabar asibitocin karkara.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: doka na bayanku. Dokar kare hakkin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda ya biya kuɗin aiki hakkin a yi masa a kan lokaci, a kuma sanar da shi da wuri in jinkiri ya zama dole. Don haka ku ɗauki hoton ranar da aka yi muku alkawari a fuskar waya. Ku ajiye lambar oda. Kafin ku biya kowane kuɗin wata na jigila, ku fara sa sunan garinku ku ga ko yana cikin jerin. Ku kuma leƙa ko tsarin na cire kuɗi da kansa duk wata. Kan irin wannan rajista mai sauƙin shiga mai wuyar fita ne Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 a watan Satumbar 2025, biliyan 1.5 daga ciki a mayar wa masu saye.

Sai hanya. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068. Kaso mafi tsawo a cikinsa, kilomita 258, a jihar Kebbi yake!