Gwajin Ƙasa da Ruwa a Tsofaffin Gidajen Mai

A wannan takarda muna so mu jawo hankalin mahalarta ga tankunan ƙarfe da aka binne a tsofaffin gidajen mai. Irin wannan tanki yakan yi tsatsa ya huje, fetur ya yi ta tsiyaya shekara da shekaru ba wanda ya sani. Abin da ya sa Amurka ta kafa ƙa'idoji a kansu a 1988 ke nan.

To, fetur bai kai ruwa nauyi ba, watau yakan kwanta ne a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mai gwajin da ya zarce can ƙasa sai ya ɗebo ruwa garau, alhali kuwa gurɓacewar tana bisa. Lalle ne hudojin bututun gwaji su dace da matakin ruwan, kuma a ɗiba da rani, a sake da damina, domin matakin yana hawa yana sauka. Aƙalla rijiyoyin gwaji 3 ake bukata kafin a gane inda ruwan ya dosa.

Ƙasa ce ko ruwa, a cika kwalba fal, a toshe, a sanyaya, saboda sinadarin benzin mai jawo sankarar jini yana bin iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade shi ga maikurogiram 10 a lita guda, adadin da hanci ba ya jin warinsa.