Cin Zalin Dabbobi da Duka a Cikin Gida: Wa Ke Biyan Kuɗin?

Duk lokacin da majalisa ta kafa doka, akwai kuɗin da za su fita daga baitulmali kafin dokar ta yi aiki. Sai an biya ɗan sanda, da mai gabatar da ƙara, da alƙali, sannan a ciyar da wanda aka ɗaure. Shi ya sa wasu ke tambaya ko dokokin hana dukan iyali da na hana cin zalin dabbobi sun cancanci kuɗin da ake kashewa a kansu. Mu da ke aiki a ɗakin awo da ɗakin haihuwa muna da abin faɗa a kan wannan tambaya, domin ko babu dokar jama'a na biya, kuma a asibiti ake fara biya.

Me ya haɗa dabba da iyali?

Mutumin da ya saba huce fushinsa a kan abin da ba ya iya ramawa, da wuya ya tsaya a kan dabba. A shekarar 1998 wani masani mai suna Frank Ascione ya buga sakamakon binciken da ya yi a wani gidan fakewar mata a jihar Utah ta Amurka. A cikin matan da ke da dabba a gida, kashi 71 cikin 100 sun ce mijin ko abokin zaman ya yi barazanar cutar da dabbar, ko ya ji mata ciwo, ko ya kashe ta. Matan da aka tambaya 38 ne kacal, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna alaƙar tana nan. Wasu matan ma sukan jinkirta barin gidan da ake dukansu don tsoron abin da zai sami dabbarsu.

Wannan ya sa Amurka ta gyara dokokinta. A 2006 jihar Maine ta fara bai wa kotu ikon sanya dabbar gida cikin umarnin kariya da ake bai wa wadda ake zalunta. A 2016 hukumar FBI ta fara tattara alƙaluman cin zalin dabbobi a rukuni na musamman. A 2018 kuma aka kafa dokar da ta amince a riƙa ware dala miliyan 3 kowace shekara, daga 2019 zuwa 2023, don taimaka wa gidajen fakewa su karɓi mace tare da dabbarta.

Ina kuɗin ke tafiya?

Kuɗin kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne na aiwatar da doka: bincike, shari'a, gidan yari, gidan fakewa, horar da ma'aikata, da kula da dabbar da aka ƙwace har a gama shari'a. Waɗannan ana ganin su a rubuce cikin kasafin kuɗi.

Kashi na biyu shi ne kuɗin ɓarnar kanta, wanda ba a cika lissafa shi ba. Ingila da Wales sun yi wannan lissafi. Rahoton da Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ta fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa cin zalin cikin gida ya jawo asarar kimanin fam biliyan 66 a shekarar da ta ƙare a watan Maris na 2017. Daga ciki, fam biliyan 47 ƙimar raunin jiki da na zuciya ne, biliyan 14 asarar aiki ce, biliyan 2.3 sun tafi wajen kiwon lafiya, biliyan 1.3 kuma wajen 'yan sanda. Mai karatu ya duba: abin da aka kashe a asibiti ya fi wanda aka kashe wa 'yan sanda, kuma duka biyun ba su kai ko kusa da asarar da iyalai suka yi ba.

Yaya abin yake a Najeriya?

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu tun daga shekara 15, kashi 6 kuma an doke su suna da juna biyu. Duka a kan ciki na iya jawo ɓari, zubar jini, rabuwar mabiyiya daga mahaifa kafin lokaci, ko haihuwar bakwaini. Kowanne daga cikin waɗannan yana cin gado, ledar jini, wani lokaci har tiyata da kwanaki a ɗakin jarirai. Iyali su biya nasu, gwamnati ta biya nata, wata mara lafiya kuma ta rasa gado.

Muna da dokoki. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake kira VAPP, ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya doki matarsa ko wadda ta doki mijinta. Ta kuma hukunta lalata dukiyar wani don a ƙuntata masa. An kafa ta ne don Abuja, daga baya akasarin jihohi suka kafa irin tata. Dokokin laifuffuka na Arewa da na Kudu su ma sun daɗe da haramta azabtar da dabba.

A wurinmu dabbar mace ita ce asusunta. Akuya, tunkiya da kaji su ne kuɗin maganin yaro da kayan ɗakin 'ya. Wanda ya karya ƙafar akuyar matarsa don ta ji tsoro, ko ya yanka kajinta a gaban yara don ya ƙona mata rai, ya cuci dabbar, ya talauta matar, ya kuma koya wa yaran cewa haka ake huce fushi.

Sai dai doka ba ta aiki da kanta. Idan ba a ware kuɗin gidan fakewa, da na motar bincike, da na rahoton likita ba, to nauyin zai koma kan wadda aka zalunta, ita kuwa sai ta haƙura ta koma gida. Tarar da kotu ke ci ba za ta taɓa biyan waɗannan ba. Ribar doka tana cikin dukan da aka hana aukuwa.

Abin da za a iya yi

Idan a gidanku akwai mai azabtar da dabbobi da gangan, musamman don ya tsorata wani, kada a ɗauke shi wasa.

Yaron da ke jin daɗin ƙona kyanwa ko karya ƙafar kare yana bukatar a zauna da shi a binciki abin da yake gani ko ake yi masa. A kawo shi ya ga likita.

Mai juna biyu da aka doka ta zo asibiti a ranar, ko da ba ta ga jini ba. Idan ta ga jini, ko ciki na murɗa, ko ɗa ya rage motsi, kada ta jira gari ya waye.

Ki gaya wa ungozoma gaskiyar abin da ya faru. Sirrinki na nan a rufe, kuma abin da aka rubuta a katinki zai iya zama shaida idan kin nemi kariyar kotu. Sashen jin daɗin jama'a na asibiti zai nuna miki inda za ki sami taimako.

Maƙwabta da dangi kuma su tsawata tun abin yana kan akuya, kafin ya kai ga uwargida da yara. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi araha. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.