Ziyarar Ruwan Erin-Ijesha: Shirin Tafiya Daga Wurin Bakanike Yake Farawa

Daga wakilinmu na Arewa

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Kudu sun yi shekara goma ko ashirin a Ikko ko Badun, amma in ka tambaye su abin da suka sani na ƙasar, sai ka tarar daga Sabo sai kasuwa, daga kasuwa sai tashar mota. Wannan ne ya sa da na kawo ziyara Badun na matsa wa mai masaukina, wani Alhaji mai fataucin goro, mu ɗebi yara wata ran Asabar mu je mu ga ruwan Erin-Ijesha. Mun je, mun kuwa sha kallo, amma saura kaɗan mu kwana a bakin hanya da yara uku. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labari, domin gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Ruwan nan, wanda Yarabawa ke kira Olumirin, yana Ƙaramar Hukumar Oriade ta Jihar Osun. Daga Badun hanyar Ife ake bi, a ƙetare kogin Osun a Asejire, a wuce Ikire da Gbongan, a kai Ilesha, sa'an nan a kama hanyar Akure kaɗan a ratse zuwa garin. Tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa uku in mota lafiya lau take. Ruwan yana gangarowa ne daga kan duwatsu hawa bakwai, cikin kurmi mai duhu da sanyi, ga gonakin koko da kwakwar manja a kewaye. An gina matakala a hawan farko, amma in mutum ya yi sama sai da hannu da ƙafa, yana kama saiwoyin itatuwa. Can a ƙoli akwai ƙauyen Abake, wanda ke cikin Jihar Ekiti.

Kuskurenmu na farko shi ne lokaci. Mun shirya tashi bayan sallar asuba, amma ba mu bar Sabo ba sai ƙarfe tara, ba mu isa ba sai bayan sha biyu. Muka biya kuɗin shiga, muka ɗauki ɗan jagora, muka hau har hawa na uku. Nan ƙarfinmu ya ƙare, muka yi sallah, muka ci guzurinmu. Yara suka yi ta wasa da ruwa, mu kuma muna ta ɗaukar hoto da waya, ba mu koma wurin mota ba sai ƙarfe biyar.

Kuskure na biyu shi ne motar. Da safe na tambayi direba ko ya duba ta, ya ce, "Malam, ai jiya ma Ikko ta je ta dawo." Mun wuce Ilesha ke nan sai jar fitilar batir ta kama a gabansa. Ya ce ba kome, haka take yi. Ba a daɗe ba allurar zafi ta kai ƙarshe, tururi ya fara fitowa ta ƙarƙashin bonet. Da muka tsaya sai ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto. Alhaji ya daka masa tsawa, ya ce, "Kai yaro, janye hannunka! So kake ka saluɓe fuskarka?"

Da muka leƙa sai muka ga fambel ne ya tsinke. Ba mu da wani, ba mu da tocila, ruwan da ya rage mana kuwa gora guda ce. Ga magariba ta kawo jiki, ga wayoyinmu biyu sun mutu wajen ɗaukar hoto. Allah ya kawo mana wani ɗan acaɓa, ya ɗauki direba da guntun fambel ɗin zuwa gari. Da kyar suka sami wani dattijo bakanike yana shirin rufe rumfarsa. Alhaji, da yake ya iya Yarabanci, shi ya yi ta "Baba, Baba" da shi har aka gama aiki wajen ƙarfe tara. Ba mu shiga Badun ba sai kusan sha biyun dare, muka tarar uwar yaran tana kuka, maƙwabta sun cika ƙofar gida.

To, ga abin da na koya, wanda baƙon nan bakanike ma ya ƙara mini haske a kai. A galibin motoci fambel shi ke juya famfon da ke zagaya ruwa cikin inji, shi ke kuma juya na'urar da ke cajin batir. Saboda haka in jar fitilar batir ta kama ana cikin tafiya, a nemi wuri a tsaya a duba. In aka ci gaba injin zai yi zafi, gaskit ya ƙone, aikin 'yan kuɗi kaɗan ya koma na sauke inji. In kuwa mota ta riga ta yi zafi, a kashe ta, a ɗaga bonet, a jira aƙalla rabin awa. Ruwan lagireto a matse yake, zafinsa ya kan wuce na tafasasshen ruwan tukunya, in aka buɗe murfin sai ya yi tsiri ya watsu a jiki. Kada kuma a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, yana iya tsaga shi.

Don haka duk mai niyyar irin wannan fita ya kai motarsa wurin bakanike tun ran Alhamis ko Jumma'a. A duba fambel da tiyon ruwa, da baƙin mai, da birki, da kan batir, da iskar tayoyi har da safaya. A sa jak da sufanar taya a but, da sabon fambel, da jarkar ruwa, da tocila, da abin kashe gobara, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan motar da ta lalace. A cika tanki tun a gari. A ware waya guda wadda ba za a taɓa ba sai da larura. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar gaggawa, watau 122.

Game da ruwan kansa, lokacin rani, daga Nuwamba zuwa Maris, ya fi sauƙi ga mai yara, domin da damina ruwa ya kan yi ƙarfi, duwatsu su yi santsi ƙwarai. A sa takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba. A ɗauki ɗan jagora daga mutanen garin, kada a rabu da juna, kada kuma a ce lalle sai an kai hawa na bakwai, domin saukowa ta fi hawa haɗari. A tafi da ruwan sha daga gida. A hana yara shiga kududdufi ko rafi mai kwance a hanya, nan ake ɗaukar tsargiya. Mutanen gari suna girmama wurin nan, sai mu ma mu kama kanmu, mu kwashe sharar da muka yi.

Babban abu shi ne a ƙirga lokaci daga dawowa. Rana ta kan faɗi wajen ƙarfe shida da rabi zuwa bakwai, saboda haka wanda zai koma Badun ya bar bakin ruwa da ƙarfe biyu, don ko mota ta ba da matsala ya sami hasken rana da bakanike a rumfarsa. Ya kuma gaya wa na gida hanyar da zai bi da lokacin da za a sa ran ganinsa. Ku fita ku ga ƙasar da kuke neman abinci a cikinta, amma da shiri. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.