Kurmin Dja: idan giwa ta ƙare, wa zai shuka itacen moabi?

A kudu maso gabashin Kamaru akwai wani kurmi da kogin Dja ya kusa zagaye shi baki ɗaya. Faɗinsa ya kai hekta 526,000, kuma tun 1987 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. A cikinsa ake samun goggon biri, giwar kurmi da aku, a gefensa kuma 'yan ƙabilar Baka suke zaune.

Wanda ya saba da ƙasar Sahel zai ɗauka cewa inda itatuwa suka yi wannan tsawo, ƙasa ce mai albarka. Ba haka ba ne. Yawancin abincin da tsiro ke buƙata yana jikin itatuwan ne da ganyen da ke zubowa yana ruɓewa da sauri saboda zafi da laima. Da zarar an sare su, ruwan sama mai ƙarfi ya wanke abin da ya rage, gona ta yi 'yan shekaru ta gaji.

Itacen moabi ya isa misali. Yana cikin mafi tsawo a kurmin, kuma yakan shafe gomman shekaru kafin ya fara 'ya'ya. Baka da maƙwabtansu suna matse mai daga ƙwallonsa, masu katako kuma suna son gungumensa. Giwa ce ke cin 'ya'yan, ta yi tafiya mai nisa, ta zubar da ƙwallon cikin kashinta inda zai tsiro. To ga shi a 2021 ƙungiyar IUCN ta sanya giwar kurmi cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa, galibi saboda farautar haure. Ke nan ko ba a taɓa moabi da zarto ba, kashe giwa kaɗai na rage masa yaɗuwa.

Sauran matsin daga gefe yake zuwa: madatsar ruwa ta Mékin, gonakin roba wajen Meyomessala, da hanyoyin motocin katako. Hanyar ce ta fi ban tsoro a ganina, domin bayan motar katako ta wuce, mafarauci ne ke bin sawunta da babur, naman daji kuma ya isa kasuwannin Yaoundé.

Jami'an gandun daji na ma'aikatar dazuzzuka suna sintiri, sai dai fili ne mai girman gaske, kuma Baka, waɗanda suka fi kowa sanin hanyoyinsa, sun daɗe suna kukan cewa dokokin kariya suna hana su shiga inda kakanninsu suka nemi abinci.