Gawo da Gansakuka: Kowane Tsiro da Irin Kariyarsa

Ƴan uwa manoma, masana ilimin tsirrai sun kasa tsirrai dangi-dangi, kamar yadda mutane suke da zuri'a. Yau za mu duba guda 2: gawo da gansakuka.

Gawo yana cikin tsirrai masu fure. Yana da saiwa mai zurfi, yana fure, yana ƴaƴa. Danginsu ɗaya da wake da gujiya da bagaruwa. Kamar su, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da damana yakan zubar da ganyensa, shi ya sa hatsi yake yin kyau ƙarƙashinsa. Da rani kuma bisashe su ci ƴaƴansa.

Gansakuka kuwa, muna nufin koren nan mai laushi da ke fitowa a bakin rijiya, da jikin bango, da gindin itace lokacin damana. Wadda ke kan ruwan tabki danginta daban ne. Gansakuka ba ta da fure, ba ta da ƴaƴa, ba ta da saiwar gaske. Wani gari take saki mai kama da ƙura, iska ta kai shi wuri mai lema, ya tsira. In rani ya yi takan bushe, in ruwa ya sauka ta farfaɗo. A duniya akwai irinta wajen 12.000, masu fure kuwa wajen 300.000. Duk da ƙanƙantarta, tana riƙe lema, tana hana ruwa kwashe ƙasa.

To, yaya za mu kare su?

Gawo dokar gandun daji ta ƙasarmu ta hana sare shi ba da izini ba. Amma babban mai tsaronsa shi ne manomi. Tun shekarun 1980, manoman Maradi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani: suna barin tohon itatuwa cikin gona, suna gyara shi. Ta haka gonaki wajen hekta miliyan 5 suka sake samun itatuwa.

Gansakuka ba a shuka ta, ba a dasa ta. Wurin zamanta ake karewa, wato inuwa da lema. In an sare itatuwa, ko an sa wutar daji, sai ta ɓace.

Saboda haka, lokacin sassabe mu bar tohon gawo, mu shinge ƙanana daga awaki, mu guji cinna wuta. Wanda ya raya itace, ya raya abin da ke zaune a inuwarsa.