Sai Masu Gida, Amma A Waje Ake Cin Kambu

Duk ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars za ta yi wasa a gida, akan sami samari daga garin Gaya da ƙauyukan Ajingi waɗanda ke sammakon zuwa tasha, su bi ta Wudil su ƙetare gada, domin su isa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata tun kafin a cika. Waɗanda ba su sami kuɗin mota ba kuwa sai su kewaye akwatin rediyo ko wayar hannu a bakin kasuwa. Tsakanin Gaya da Kano dai akwai tsohuwar dangantaka, gama masu tarihi sun ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya ya sauka gindin Dala neman tama, har birnin ya ci sunansa. Saboda haka idan 'yan kallo suka ɗauki kirarin nan na "Sai Masu Gida", mutumin Gaya yana da hujjar ɗaga murya fiye da kowa.

A 'yan shekarun nan kakar wasa takan ƙare ne a watan Mayu ko Yuni, watau daidai lokacin sharar gona da jiran ruwan shuka. A wannan lokaci hirar ƙwallo takan canza kama. Maimakon yabon wanda ya iya yanka ko wanda ya fi gudu, sai ka ga malamin makaranta da akawun ƙaramar hukuma sun duƙufa a kan takarda suna lissafi: wasa nawa ya rage, nawa ne a gida, nawa ne a waje, kuma maki nawa ke tsakaninmu da na gaba. Lissafin ba shi da wuya. Idan ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowace za ta buga wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Wadda ta ci duk wasanninta 19 na gida, a kan maki uku-uku, ta tara maki 57. To, amma kambun yakan tafi ne ga mai maki sittin da wani abu zuwa saba'in da wani abu. Ashe ke nan ko da gida bai taɓa ba da kunya ba, akwai ragowar da ba a samunta sai an shiga mota an je gidan wani an zura masa ƙwallo a gaban jama'arsa.

Maganar ƙarfin gida kam, babu mai ja da Pillars a tarihin gasar. An kafa ƙungiyar a shekarar 1990, da aka haɗe WRECA da Kano Golden Stars da ƙungiyar Bank of the North wuri guda, ta gaji farin jinin Raccah Rovers wadda ta kawo wa Kano kambun ƙasa a 1978. Ta yi shekara 12 cur, wasa fiye da 200, ba a ci ta a gida ba a gasar lig-lig, sai a watan Agustan 2015, da Nasarawa United ta zo har Ƙofar Mata ta yi mata ci biyu da ɗaya. A cikin waɗannan shekaru ne ta ɗauki kambu sau huɗu: a 2008 a hannun mai koyarwa Kadiri Ikhana, sannan sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, cin wasa a gida ba abin Kano kaɗai ba ne. Haka al'adar gasar take tun da daɗewa, daga Aba har Jos. Baƙo yakan iso ne bayan ya kwana a hanya, ƙafa a kumbure, ya tarar da filin da bai saba da shi ba da kuma alƙalin wasan da dubban mutane ke yi wa ihu a ka. Wani lokaci ma hanyar ta fi wasan haɗari. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan tafiya Owerri, suka raunata biyar daga cikinsu. Wanda ya san wannan ba zai raina maki ɗayan da aka ƙwato a waje ba.

Babbar ranar da ƙungiyar ta taɓa gani ma a waje ta same ta. A 2009, a gasar cin kofin zakarun Afirka, aka haɗa ta da Al Ahly ta ƙasar Masar, wadda ke riƙe da kofin a lokacin. A gida an tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, har jama'a suka fara sallamawa. Da aka je Alƙahira sai aka tashi biyu da biyu, kuma bisa dokar wancan zamani, wadda ke fifita ƙwallon da aka ci a waje, Pillars ce ta wuce. Ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta yi waje da ita ba tare da ta zura ko ɗaya ba a karawa biyu.

Akwai kuma wani abin da masu lissafin bakin kasuwa suka daɗe da lura da shi. Samun gwanin zura ƙwallo na gasar bai zama samun kambu ba. A kakar 2009 zuwa 2010 Ahmed Musa, yana yaro ɗanye, ya ci wa Pillars ƙwallo 18, adadin da ya zama abin tarihi a lokacin, amma Enyimba ta Aba ce ta ɗauki kambu, Pillars ta zo ta biyu. Bayan shekara huɗu sai reshe ya juye da mujiya: Mfon Udoh ya ci wa Enyimba ƙwallo 23 a 2014, Pillars ta tafi da kambu. A 2018 Junior Lokosa ya ci 19 tun ba a je ko'ina ba, sai rikicin shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ya sa aka rufe gasar a wasa na 24, Lobi Stars tana kan gaba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwallo huɗu a ragar ƙaramar ƙungiya a Ƙofar Mata maki uku ne, daidai da ƙwallo ɗaya tak a Inugu ana saura minti biyar a tashi. Jadawalin gwanaye yana ƙirga na farkon sau huɗu, jadawalin maki kuwa bai san wannan ba.

A watan Oktoba na wannan shekara ta 2018 aka ga ɗaya fuskar al'amarin, a filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba, a wasan ƙarshe na cin kofin ƙalubale. Pillars ta ci Enugu Rangers uku da nema, har an fara shirin biki a Kano. A cikin rubu'in sa'a na ƙarshe Rangers ta rama duka ukun, sannan ta yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ranar 'yan gaba sun yi aikinsu, baya ce ta yoye.

Irin wannan ciwo ba a ƙwallon ƙafa kaɗai ake jinsa ba. A Amurka, inda tsarin wasannin kece-raini na ƙarshen kaka ya fi kafuwa, akwai wasan da suke kira besbol, wanda ake jefo wa mutum ƙaramar ƙwallo ya dake ta da kulki ya sheƙa da gudu. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasarsu, kowace tana buga wasa 162 kafin ƙarshen Satumba, sannan a ware 12 su shiga kece-raini. Dukan ƙwallon yana da wuya ainun, har wanda ya dace sau uku a cikin goma ana kiransa gwani, saboda haka suna auna shi da lissafi kamar na ma'aji. Duk da haka, a 2022 ƙungiyar Los Angeles Dodgers ta ci wasa 111, ta kuma fi kowa yawan ci a kakar, amma da aka shiga kece-raini kulakenta suka yi sanyi, San Diego Padres wadda ta bari a baya da tazarar wasa 22 ta kore ta a cikin wasa huɗu. A 2011 kuwa Boston Red Sox ce ta fi kowa yawan ci, tana gaban mai bin ta da wasa tara a farkon Satumba, sai ta sha kashi sau 20 a wasa 27 na watan, ta rasa gurbin a daren ƙarshe. Mutumin Boston da mutumin Gaya da za su zauna a tabarma ɗaya, da ba su bukaci tafinta ba.

Shekarar da Kano ta ɗanɗana irin wannan tsari sosai ita ce 2019. An taƙaita gasar, aka raba ƙungiyoyi 24 gida biyu, aka ce uku-ukun farko su haɗu a filin wasa na Agege da ke Ikko, kowace ta kara da kowace sau ɗaya, wadda ta fi maki ta ɗauki kambu. Aka laƙaba wa zagayen suna Super Six. Waɗanda suka samu shiga su ne Rangers da Enyimba da Lobi Stars daga ɓangare ɗaya, sai Akwa United da Kano Pillars da Ifeanyi Ubah daga ɗayan. An fara ranar 4 ga Yuni, wadda ta zo daidai da Ƙaramar Salla, aka gama ranar 12, watau wasa biyar a cikin kwana tara. A Agege babu mai gida. Duk makin da aka tara a baya an share shi, kowa ya fara daga sifiri, kuma babu wasa 19 na gida da za a jingina da su idan an yi tuntuɓe.

Pillars, a ƙarƙashin mai koyarwa Ibrahim Musa, ta ba marasa ɗa kunya, domin ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Ta ci wasa uku, ciki har da wanda ta doke Enyimba biyu da nema, ta yi kunnen doki biyu. Maki 11 ke nan. Enyimba ta sha kashi sau ɗaya, ta ci huɗu, maki 12. Ɗalibin da ke son misalin yadda tsarin maki uku ke hukunta mai canjaras, ga shi nan: kunnen doki biyu sun ci wa Pillars maki huɗu, kashi ɗaya ya ci wa Enyimba uku kawai.

Inda kambun ya suɓuce shi ne ranar 10 ga wata, a wasan Rangers. Kyaftin Rabi'u Ali, wanda magoya baya ke kira Pele, ya ci da bugun tazara, kuma da an tashi a haka da Pillars ta shiga ranar ƙarshe al'amari yana hannunta. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba Rangers bugun fenariti, suka rama. Da aka busa tashi sai 'yan kallo suka kutsa cikin fili suna neman alƙalin, abin da ya jawo hukumar gudanar da gasar ta ci ƙungiyar tarar naira miliyan 8, ta kuma dakatar da kyaftin ɗin wasa 12. Har yau akwai masu rantsuwa cewa fenaritin nan zalunci ne. Ko da an ba su gaskiya, tambayar da ta fi amfani ita ce me ya hana a ƙara ta biyu tun da sauran lokaci. Ƙungiyar da ke riƙe da ci ɗaya tilo a minti na tamanin da wani abu ta miƙa wuyanta ga usur ɗin mutum ɗaya. Ranar ƙarshe Pillars ta ci Lobi Stars, amma Enyimba ta lallasa Akwa United uku da nema, magana ta ƙare.

An dai sami abin share hawaye bayan mako shida da 'yan kwanaki. Ranar 28 ga Yuli, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, Pillars ta ɗauki kofin ƙalubale karo na farko a tarihinta, rabon Kano da shi tun 1953. Ko a nan ba a ci kowa ba tsakaninta da Niger Tornadoes har aka tashi, sai a bugun daga kai sai mai tsaron gida aka raba gardama, huɗu da uku.

Abin da ya biyo baya ya nuna yadda dogaro da gida kan zama idan gidan ya kuɓuce. A 2020 aka mai da filin Sani Abacha wurin killace masu cutar korona, ƙungiyar ta koma karɓar baƙi a Kaduna. A watan Afrilu na 2022, da aka dawo Kano, wasu 'yan kallo suka far wa motar Katsina United, aka cire wa Pillars maki uku aka kuma tura ta Abuja. A ƙarshen wannan kaka ta faɗa rukuni na biyu tare da Katsina United da Heartland da MFM, abin da bai taɓa zuwa ran yaran da suka taso a zamanin kambu uku a jere ba. Sa'ad da aka sake yin Super Six a Ikko a watan Yuni na 2023, inda Enyimba ta ɗauki kambunta na tara da bambancin yawan ƙwallaye, mutanen Gaya da Ajingi 'yan kallo ne kawai.

Hankalinsu a lokacin yana kan wani kece-rainin dabam, na ƙungiyoyi takwas na rukuni na biyu, wanda shi ma a filin da ba na kowa ba aka yi shi. Can ne Pillars da Katsina United suka sami gurbi biyun da aka ware wa Arewa, suka koma babbar gasa a shekara guda da faɗuwarsu. Filin kuwa shi ne na Stephen Keshi a Asaba, inda aka zubar da ci uku a 2018.